Jarrabawar Kilawud da Furfura a Kai

Kusan kullum sai wani matashi ya tsaya a ƙofar shagona da ke Gyadi-Gyadi, ya gaishe ni, sannan ya fito da abin da ya kawo shi: "Baba Auwalu, wai in mutum ya ci jarrabawar kilawud ɗin nan ya karɓi satifiket, shi ke nan ya samu aiki?" Wasu ma ba tambaya suke yi ba, sanar da ni suke yi. Wata uku za su yi suna kallon bidiyo a waya, su zauna jarrabawa, sai wani kamfani na ƙasar waje ya ɗauke su suna aiki daga ɗaki. Ba na musu da su. Nakan ce su jawo benci. Ni ban iya ba da shawara a dunƙule ba. Abin da na iya shi ne in faɗi ayyukan da na yi, mai ji ya tsinci abin da zai tsinta.

Ga wanda bai sani ba, kilawud ba komai ba ne illa haya. Maimakon ka sayi babbar kwamfuta ka ajiye a ofishinka, sai ka kama wuri a cikin kwamfutocin wani katafaren kamfani, a wani gini da ke wata ƙasa, kana shiga ta intanet. Su kamfanonin ne ke shirya jarrabawa, wanda ya ci su ba shi takardar shaidar cewa ya san kayansu. Lokacin da na shigo sana'ar nan babu wannan. Duk abin da ba za ka iya ɗagawa da hannu ba, ba aikinmu ba ne.

A wurin Oga Sunday na koyi aiki. Mutumin kudu ne, Kirista, yana zaune da iyalinsa a Unguwa Uku, shagonsa kuma yana nan bayan layin da nake yanzu. Yana jin Hausa sosai, sai dai kowa "kai" ne a wurinsa, mace ko namiji. Na je masa da tunanin a satin farko zan fara buɗe kwamfuta. Sai ya miƙo min naɗin waya da filayar matse kai, ya nuna min kujera. Wayar da ke haɗa kwamfuta da kwamfuta, in ka feɗe ta, sirara takwas ne a ciki, kowace da launinta, kuma akwai jerin da dole su bi kafin ka cusa su cikin kan roba ka matse. In ɗaya ta sauya wuri, ko ba ta kai ƙarshe ba, aiki ya tashi. Wata uku ina wannan. Ya zo ya ɗauki wadda na yi, ya sa a testa, in fitila ɗaya ta ƙi kamawa ya yanke kan ya jefa a kwando. Jakar da ya haɗa min a ƙarshen wata ukun ita ce irin wadda nake riƙewa har yau: sukudireba biyu, filaya, testa, tocila, tef, da alli don yin alama a bango.

Aikin farko da ya tura ni ni kaɗai, wani shagon buga takardu ne a Babban Giji, kwamfuta shida, ɗaya ta daina ganin sauran. Na duba na duba, na koma na ce masa wani abu ya ƙone a cikinta, sai an sayo sabo. Yana cin gyaɗa, bai ko ɗago ba.

"Ka duba waya?"

"Sabuwa ce, Oga. Mu muka ja ta."

"Ban tambaye ka shekarunta ba. Ka duba?"

Na koma da tsani. Da tsakar rana na shiga silin, kwano na gasa min baya, ina rarrafe a kan katako ina bin wayar da tocila. A kusa da kwana na tarar ɓera ya ci rabinta. Ba abin da ya ƙone. Da na dawo ya ce min kullum in fara daga bango, in gama da abin da ido ke gani kafin in zargi abin da ba ya gani. Shekara bakwai na yi da shi, ya yaye ni, ya kuma tsaya min na kama wannan shagon. Daga baya ciwon suga ya matsa masa, ya koma garinsu. Babbar 'yarsa, Blessing, ita ce ta zauna a Kano, don a nan aka haife ta, a nan ta yi karatu.

Aikin da ya riƙe ni tsawon shekaru shi ne na wani ƙaramin asibitin kuɗi a Tarauni. Mai shi likitar mata ce, Dakta Rabi, mace mai ƙarancin magana. Ta gaji da katunan da ke ɓacewa a kabad, ta ce tana son bayanan marasa lafiya su koma kwamfuta. Na haɗa mata saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗebo bayani daga cikinta, na ajiye ta a wani tsohon sito kusa da ɗakin gwaji. Na ja waya zuwa teburin karɓar kati, da ofishin likita, da ɗakin magani, da ɗakin haihuwa. Na sa mata batir da inbata, don kada ta mutu a tsakanin ɗauke wuta da tada janareta. Wata bazara na'urar sanyaya ɗakin ta lalace, kafin a gyara na cire murfin gefen sabar, na aro fankar ƙasa daga ɗakin nas-nas na saita mata, ta yi kwana tara a haka. Shekara goma sha biyu tana aiki, ba ta taɓa kwana a kashe ba.

Kowace Juma'a da safe, kafin masallaci, nakan je in ɗauki kwafin ajiya. Faifai biyu nake da su, ɗaya na naɗa masa jan tef, ɗaya shuɗi. Wannan satin ja, sati mai zuwa shuɗi. In jona, in danna, in zauna muna hira da matron, shugabar nas-nas, har kwamfuta ta rubuto cewa an gama, in cire in tafi da shi gida. Ko gobara aka yi, Allah ya kiyaye, bayanan suna wurina. Haka nake faɗa wa Dakta, haka kuma na yarda.

Shekarar da ta yi min tsanani ba da rana ɗaya ta zo ba. Wata makaranta a Ƙauyen Alu da nake kula wa da kwamfutoci ta kira ni, shugabar ta yi min godiya, ta ce sakamakon ɗalibai ya koma intanet, ba sa buƙatar saba. Bayan wata biyu wani kamfanin ruwan leda ya yi haka. Sai wani ofishin lauyoyi. Ba wanda ya ce aikina ba kyau. Kowa da godiya yake sallamata. Kafin damina ta fita, a cikin wurare tara da nake zagayawa saura uku. Na koma gyaran firinta da sauya wa laftof fuska, aikin da na bari tun da daɗewa. Akwai ranakun da zan buɗe shago in rufe, ba wanda ya shigo sai mai neman cajin waya.

A cikin wannan halin Dakta Rabi ta kira ni ofishinta. Asibitin zai shiga wani tsarin inshorar lafiya, kuma masu tsarin sun gindaya sharaɗi: bayanan marasa lafiya su koma kilawud, wanda zai yi aikin kuma ya zama mai satifiket. Ta turo min fom ɗin a kan tebur. Akwai gurbin suna, gurbin shekarun aiki, sai wani ɗan akwati da aka ce a rubuta lambar satifiket.

"Kana da shi, Malam Auwalu?"

"Ba ni da shi, ranki ya daɗe. Amma na san sabar nan kamar tafin hannuna."

"Na sani. Ni ba ni na rubuta fom ɗin ba."

Bayan sati uku sai ga Blessing a shagona. Ta girma, ta buɗe ɗan ofishinta a Ƙauyen Alu, tana da satifiket biyu, kuma ita aka ba aikin asibitin. Ta rusuna ta gaishe ni kamar yadda ta saba tun tana ƙarama, da Hausarta ta 'yan Kano, wadda ta fi ta ubanta nesa ba kusa ba.

"Kawu, wallahi ban san wurinka ba ne sai da na sa hannu."

"Ba komai, Blessing. Da wani ne ma haka za a yi. Yaya jikin Oga?"

"Da sauƙi. Ya ce in gaishe ka. Ya kuma ce kada in taɓa waya ko ɗaya a asibitin sai kana wurin."

Muka sa ranar Asabar da safe, lokacin da asibitin ba cunkoso. Na ba ta kalmar sirrin sabar, na nuna mata komai, na ciro faifan nan biyu na ajiye a gabanta. Ta ce kafin a kwashe komai ƙa'ida ce a gwada kwafin ajiya, a ga ko yana dawowa.

"Yaushe ka gwada na ƙarshe, Kawu?"

"Gwadawa kamar yaya? Duk sati yana rubuta min an gama."

Ta jona jan faifan a laftof ɗinta, ta buɗe, ta gangara ƙasa tana neman mara lafiyar ƙarshe da aka shigar. Ta tsaya. Ta cire, ta jona shuɗin. Ta juyo min da fuskar laftof ɗin. Mace ta ƙarshe a cikin faifan, an rubuta ta fiye da shekara biyu da suka wuce. Bayan ta babu kowa.

Kafin azahar muka gano dalili. Masu manhajar asibitin sun taɓa sabunta ta, a lokacin suka sauya inda bayanai ke zama a cikin sabar. Sun aiko da takardar bayani, na same ta a cikin folda, ban taɓa buɗewa ba. Umarnin da na rubuta tun farko yana nan yana kwafar tsohon wurin, wanda ba abin da ke shiga cikinsa. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba. An gama ɗin ne kuwa. Shekara biyu da wani abu ina ɗaukar faifai zuwa gida duk Juma'a, babu haihuwa ɗaya, babu gwajin jini ɗaya na wannan tsakanin a cikinsa.

Blessing ta rage murya. "Kawu, ba sai kowa ya ji ba. Yanzu zan ɗauki sabon kwafi, magana ta wuce."

Na ce ta ɗauka. Da ta gama, muka buɗe muka tabbatar na jiya ma yana ciki, sai na wuce ofishin Dakta na faɗa mata yadda abin yake. Ta ajiye biro.

"Da sabar ta mutu a tsakani fa?"

"Da sun tafi, ranki ya daɗe. Duka."

Sai ta ce, "Ita ta sa ka zo, ko kai ka kawo kanka?"

"Ni na zo."

"To. Ka ci gaba da kula min da wayoyi da kwamfutocin tebur. Sauran nata ne."

A bakin ƙofa na tambayi Blessing wa ya koya mata gwada kwafi, don na san ubanta bai koya min ba, shi ma ba ya yi. Ta ce, "Yana cikin karatun jarrabawar, Kawu. Babi guda ne sukutum." Har ranar ina ɗaukar satifiket a matsayin takardar da ake ratayewa a bango don a tsorata kwastoma.

Aikin kwashewar ya ɗauke ta wata ɗaya, kuma ta yi shi da tsabta. Ta raba wa kowa iyakarsa: mai karɓar kati ba ya ganin sakamakon gwaji, mai ba da magani ba ya iya goge komai. A zamanina kalmar sirri ɗaya ce ga kowa, an rubuta ta a takarda an manna a ƙarƙashin tebur. Ta kuma ajiye bayanan a gini biyu, a garuruwa biyu, ta ce ko ɗaya ya ƙone ɗayan zai ɗauka ba tare da an ji ba.

Wata Talata, ranar awo, wajen ƙarfe goma na safe, matron ta kira ni tana magana da sauri. Komai ya tsaya. Mata sun cika benci, ba a iya buɗe bayanin kowa. Na kira Blessing ina kan babur, ta ce tana kallo daga ofishinta, komai kore ne, ba abin da ya faɗi a can kilawud. Na ce ta taho duk da haka. Da na isa na wuce kai tsaye wurin akwatin intanet da ke bango. Fitilarsa ja. Na fito na bi layin da ƙafa, ban yi nisa ba na tarar da katafila tana haƙar kwalbati, ga wayar intanet ɗin unguwar ta fito daga ƙasa a tsinke, leburori na tsallake ta. Na san gyaran wannan ba na yini ɗaya ba ne.

Ina komawa na tarar an shigo da wata mata mai tsohon ciki tana zubar da jini. Mijinta ɗan adaidaita sahu ne, ba su daɗe da tasowa daga ƙauye ba. A nan take awo, amma katin da ke hannunsa lamba ce kawai a jiki. Dakta ta fito da safar hannu ta ce min, "Ina son fayil ɗinta. Na tuna akwai abin da na rubuta, ban tuna mene ne ba." Ta tambayi mijin ko akwai maganin da jikinta ba ya karɓa, ya ce shi dai bai sani ba, ranar da aka yi mata allura ta kumbura yana wurin aiki.

A jakata akwai wani ƙaramin akwatin intanet mai amfani da layin waya, wanda nake gwaji da shi. A cikin ginin sabis ba ya shiga sosai, bangon kauri gare shi. Na hau bene na ɗaure shi da tef a jikin tagar ɗakin wanki, inda sabis ya nuna sanda uku. Na warware naɗin waya, na sako ta ta matakala har ofishin likita, na feɗe kai biyu na jera na matse. Testa ta kama takwas. Blessing ta iso a daidai lokacin, ta zauna ta buɗe wa sabon layin ƙofa, don yadda ta tsare wurin ba ya karɓar layin da bai sani ba, kuma wannan ni ban iya ba a lokacin. Tsakanin isowata da buɗewar fayil ɗin bai fi rabin awa ba. Dakta ba ta zauna jiranmu ba, ta riga ta sa an sake gwada jinin matar an fara abin da za a fara. Amma da fayil ya buɗe ta karanta layi ɗaya, ta juya ta ce wa nas ta mayar da wata kwalba ta kawo wata. Ni ban san magani ba, iyakar abin da na gani ke nan. Matar ta haihu da la'asar, ita da ɗan suka tashi lafiya.

Da muka fito Blessing ta tsaya a bakin ramin tana kallon wayar. Ta ce, "A karatun an ce kada a dogara da hanya ɗaya. Ni duk tunanina a can ake nufi. Ban kawo wannan layin a raina ba." A satin muka sa wa asibitin layi na biyu daga wani kamfani daban, muka kuma ajiye ƙaramar kwamfuta da ke riƙe kwafin bayanan kullum a cikin ginin. Daga nan ta fara kirana duk aikin da ta samu, ita can sama a kilawud, ni nan ƙasa. Sai dai a kowane fom sunanta ne ke shiga, kuma wuraren da ake neman mutum biyu masu satifiket ba ma iya nema.

Na fara karatun ina da shekara hamsin da ɗoriya. Bayan sallar asuba nake zama, kafin a buɗe shago, da tabarau da littafin jarrabawar da na rubutu. Abin da ya fara ba ni wahala ba ilimin ba ne, Turancin ne. Tambaya ɗaya sai ta cika rabin shafi, amsoshi huɗu, duka huɗun suna kama da gaskiya, ana son wadda ta fi dacewa. Sai sunaye. Abin da na san shi shekara ashirin da sunansa, kamfanin ya raɗa masa wani, dole ka haddace. Wani da muke sallah tare ya ce in daina wahalar da kaina, akwai tambayoyin da suka taɓa fitowa, ana tura su a waya da amsoshinsu. Na karɓa. Na haddace su tas, na bar littafin.

A wurin jarrabawar aka karɓe waya da agogo, aka sa na cire hula aka leƙa cikinta. Matar da ke rajista ta dube ni ta ce, "Baba, wa ka kawo?" Na ce kaina na kawo. Ta ba ni haƙuri ta nuna min kujera. Da tambayoyin suka fito, na gane fuskokinsu amma an sauya musu kaya: inda na haddace asibiti sun sa banki, inda aka ce a rage kashe kuɗi yanzu an ce a ƙara sauri, amsar kuma ta sauya. Ana gamawa sakamako ya fito a fuskar kwamfutar. Na faɗi, kuma ba da kaɗan ba. Kuɗin jarrabawar da dala ake biya, ba a mayarwa.

Karo na biyu na bi ta hanyar da na sani. Blessing ta buɗe min wurin gwaji, na riƙa gina irin tsarin asibitin Dakta da hannuna, in rushe, in sake. In kashe gini ɗaya da gangan in ga ko ɗayan zai ɗauka. In goge bayanai in dawo da su. In kulle kaina a waje in nemi hanyar shiga. Wata biyar ina wannan. Da na koma, tambayoyin ba su ƙara zama Turanci ba, sun zama ayyukan da na taɓa yi. Na ci. Ba a yi wani biki ba, na dawo shago na ƙarasa gyaran wata firinta da na bari a buɗe.

To ga abin da takardar ta yi min, ga wanda ba ta yi ba. Ta cike wancan ɗan akwatin a fom, muka fara neman ayyukan da da ba a ko karɓar takardunmu. Ta gyara min abubuwan da na shekara ashirin ina yi a karkace ban sani ba. Kamar rabin abin da na karanta ilimi ne da zai zauna. Sauran rabin sunayen kayan kamfani ne, wasu har an sauya su tun ban gama murna ba. Takardar kanta tana da wa'adi, bayan 'yan shekaru ta mutu, sai ka sake zama. Ba ta kawo min aikin ƙasar waje ba. Na nema sau biyu don in gani, duka biyun tambayar farko ita ce in faɗi wani abu da ya taɓa lalacewa a hannuna da yadda na yi da shi. Mai satifiket uku da bai taɓa riƙe kayan kowa ba, ban san me zai ce a nan ba. Haka kuma na san abokan sana'ata, gwanaye, da suka ce su ba za su koma aji ba. Yawancinsu yanzu caja da murfin waya suke sayarwa. Shi ya sa in matashi ya tambaye ni, nakan ce ya fara samun wurin da za a bar shi ya taɓa kaya, ko kyauta ne, ya yi shekara. Bayan nan ya biya kuɗin jarrabawa ɗaya, ba uku ba, kuma ya karanta littafin.

Aikin farko da na samu da sunana bayan na ci, a tashar Unguwa Uku ne. Wani dattijo, Alhaji Ɗanladi, yana da motocin da ke kai saƙo garuruwa. Bayanan kayan mutane, wa ya aiko, wa zai karɓa, wace mota ta ɗauka, duk suna cikin wata tsohuwar kwamfuta da ruwan sama ya taɓa shiga. 'Ya'yansa suka matsa a mayar kilawud, shi kuma ya ce sai ya ga mai aikin ido da ido. Na same shi a rumfarsa da hantsi, ana ta ɗaura buhuna a bayan mota. Na yi masa bayani iya iyawata, na ciro satifiket ɗin daga ambulan na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya duba gaba ya duba baya, ya miƙo min.

"Malam Auwalu, yanzu kayan nawa, in an kwashe, a ina za su zauna?"

"A wani gini, Alhaji, a wata ƙasa."

"Ka taɓa zuwa?"

"Ban taɓa ba."

"Ka san mai ginin?"

"Ban san shi ba. Shi ma bai san ni ba."

Ya gyara zama. "To in wata rana aka wayi gari babu su, matar da ta aiko wa ɗanta kaya ta zo ta tsaya a nan tana kuka, wa zan kama? Takardar nan?"

"Ni za ka kama, Alhaji."

"A ina?"

"Gyadi-Gyadi. Duk wanda ka tambaya a layin zai nuna maka shagon. Shekara ashirin da wani abu ina wurin."

Sai ya ɗaga murya ya kira babban ɗansa, ya ce a buɗe min ofis a ba ni kujera, kuma a kawo min shayi kafin in fara.